Sunan Alhaji Balla a Kan Allon Gargaɗi

Ran nan ɗiyar ƙanwata, Rakiya, ta zo daga Maraɗi da ƙawayenta biyu da wani saurayi mai gilashi, suka cika mini rumfa, ta miƙo mini salula tana washe baki.

"Kawu, dubi shafin intanet ɗin da muka tsara wa wata ƙungiyar masu sayar da wake. Kwana biyu kacal muka gama."

Na karɓa, na nisantar da ita daga fuskata, na duba. Hoton shugaban ƙungiya ya cinye rabin wayar, da hularsa da carbinsa. Ƙasa da shi ga rubutu kore a kan ja, wani yana gudu zuwa hagu, wani yana ƙyaftawa kamar tocilan mai mataccen batir. Na ce, "To, ni ga ni ina son buhun wake. Ina zan taɓa?" Suka shiga jan yatsa, suna ja, suna ja, sai can ƙurya suka tono lambar waya, ƴar mitsitsiya kamar kashin ƙuda. Mai gilashi ya ce wai ai shugaban ne ya ce a yi haka. Na ce madalla, ku gyara zama.

Ni ban taɓa tsara shafin intanet ba, kuma ba da furfura zan fara ba. Amma na yi shekara talatin da ɗoriya ina rubuta allunan shaguna da na bakin hanya a nan Madarunfa, kuma wallahi aikin ɗaya ne. Idon ɗan Adam bai sake ba don an ƙirƙiro salula. Mai wucewa a mota ƙyaftawa ɗaya yake ba allonka, mai jan yatsa a kan shafinku ma ƙyaftawa ɗaya zai ba ku. Abin da ya fi girma shi yake ɗauka ya tafi da shi, sauran kuma ku da kanku kuka rubuta wa. Ku kuna ganin wasa ne, tunda in kun ɓata sai ku danna ku goge. Ni na taɓa ɓata allo ɗaya, kuma ƙafar mutum ce ta biya.

A hannun Maigida Nomau na koyi sana'a. Gajere ne, baƙi, mai saurin fushi, yana da rumfa kusa da tasha. Shekara biyu na yi a wurinsa bai bar ni na rubuta ko harafi ɗaya ba. Aikina kankare tsatsa daga tol, wato fallen ƙarfen da ake yin allo da shi, shafa jan fenti na ƙasa, wanke buroshi da kananzir, da bugun zare. Bugun zare shi ne ka turmusa zare cikin garin alli, ka ja shi tsantsan daga wannan gefen allo zuwa wancan, ka ɗaga ka saki, sai ya bar layi miƙaƙƙe. Duk allo sai an raba shi da waɗannan layuka kafin fenti ya taɓa shi: ga inda babban abu zai zauna, ga inda ƙanana za su jeru, ga yatsa huɗu a kowane gefe da ba a shiga. In harafi ɗaya ya leƙo waje, sai ya ƙwanƙwashe ni da sandar da muke jingina hannu a kai, ya ce, "Kai, a masallacin garinku haka ake sahu?"

Buroshinsa uku ne na kirki, na gashin akuya, shi yake ɗaura su da kansa a jikin kara. Launi bai wuce uku a allo ɗaya. Ruwan ɗorawa a kan fari, in ji shi, rana tana shanye shi kafin azahar. Kore a kan ja kuma yana sa ido ruwa. Na ga kun yi shi a shafinku, Allah ya shirye ku.

Babban abin da ya koya mini shi ne taku arba'in. In an gama allo, sai a jingine shi a jikin itacen bedi, ka juya masa baya, ka yi taku arba'in, ka waiwayo sau ɗaya, ka rufe ido. Sai ya tambaye ka, "Mi ka gani?" Abin da bakinka ya fara faɗa, shi ne allon ya ce. In allon mai faci ne, ka ce ka ga taya, an wuce. In ka ce ka ga zaki ko jirgin sama, to sai a koma a shafe. Wani lokaci ma mai amalanke yake tsayarwa, wanda bai taɓa shiga lakwal ya koyi boko ba, ya sa shi ya yi takun. Ya ce wanda ya iya karatu yana yi wa allo afuwa, wanda bai iya ba shi ne alƙali.

Amma duk wahalar fenti da tsatsa ba ta kai ta masu kawo aiki ba. Mutanenmu suna da wani imani: fili a jikin allo sata ce. Tunda ya sayi tol ɗin gaba ɗaya, to ko'ina sai fenti ya hau. Akwai wani wanzami da ya sa aka zana masa kawuna goma sha biyu, ya dawo ya ga wani ɗan sarari a kusurwa, ya ce a cusa masa na goma sha uku. Aka cusa, ya fito kamar gwanda. Akwai mai shayi da ya ce a rubuta shayi, burodi, madara, ƙwai, sunan mahaifinsa, da cewa ya taɓa zama Legas. Maigida Nomau ya tambaye shi, "Legas ɗin ma sayar da ita kake?" Mutumin ya yi fushi ya kwashe tol ɗinsa. Maigida bai ko ɗaga kai ba. Yakan ce filin nan da kuke raina, shi ne yake riƙe da harafi. In ka cika ɗaki da kaya har ƙofa, baƙo ba ya sanin inda zai sa ƙafa.

Sai shekarar da aka karya darajar kuɗinmu, sefa, ta zo. Ku ba a haife ku ba. Gwangwanin fentin da muke saye jiya, aka wayi gari ya ninka. Wanda muke samowa daga ƙetaren iyaka ta Ɗan Issa ma ya bi sahu. Wa zai rubuta allo alhali hatsi yake nema? Mai shago ya ɗauki gawayi ya rubuta abinsa a bango. Wata huɗu muka yi rumfa ba ta ga aiki ba, sai lambar amalanke ɗaya. A lokacin na kai shekara talatin, ina da mata da ƴaƴa biyu, kuma idon Maigida ya fara rauni, ni nake yin rubutun, shi yana tsara mini a ƙasa da tsinke.

Da damina ta kankama, ruwa ya karya radiyen wata korama a kan hanyar da ke zuwa wajen Gabi. Radiye shi ne shimfiɗar siminti da ake yi a cikin korama don mota ta bi ta kai. Rabinsa na gefen hagu ya rufta, ya bar rami mai zurfin tsayin mutum. In korama ta bushe, kowa yana ganin ramin. In ruwa ya rufe, sai ka rantse lafiyarsa lau. Ƴan gari sun sani, suna ratsewa dama ta wani mashigi mai tsakuwa. Baƙon direba ne abin tsoro. Sai wasu ƴan kasuwa masu motoci suka haɗu suka ce a kafa allon gargaɗi, suka ɗora wa shugabansu, Alhaji Balla, ya kawo mana aikin.

Alhaji Balla mutum ne mai jiki, mai manyan motoci uku, wanda in ya ba ka goro sai ya jira ka gode sau biyu. Ya zo da tol mai faɗin mita biyu, sabo fil. Maigida ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana masa: allo ruwan ɗorawa, a tsakiya tafin hannu ja, ƙato, ƙarƙashinsa TSAYA da baƙi, kowane harafi kamu biyu, sai kibiya mai nuna dama. Shi ke nan.

Alhaji ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Malam Nomau, ina sauran?"

"Sauran mi, Alhaji?"

"Ina sunana? Ina sunan ƙungiya? Wannan fili duka, gero za ka shuka a ciki?"

Maigida ya ce, "Alhaji, mai zuwa a guje ba gaisuwa ya zo yi ba. Abu ɗaya zai gani. Ka zaɓa, ko ya ga rami ko ya gan ka."

Alhaji ya sha mur. Ya zaro takarda daga aljihu. Ashe an riga an yi zama a kan maganar. Sunansa a sama, da manyan baƙaƙe, da lakabinsa na shugaba. Sai mataimakinsa. Sai ma'aji, wanda ya rantse in ba a sa sunansa ba zai fita daga ƙungiya. Sai wasu mutum shida da suka ba da gudummawa, har da wanda ya ba da ƙusoshi. Sai addu'a. Sai hoton babbar mota, kuma dole ta zama shuɗiya irin tasa. A ƙarshen takarda, can ƙasa, aka tuna da abin da ya tara su: hattara, radiye ya karye, a bi dama.

Maigida ya miƙa masa takardarsa, ya ce, "Ɗauki tol ɗinka, Alhaji. Allah ya kiyaye hanya."

Ni kuwa na tuna halin da muke ciki. Wata huɗu! A gida an koma cin abinci sau ɗaya a wuni, ga aiki ya shigo da ƙafarsa, tsoho yana korarsa saboda fili. Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Na bi Alhaji har bakin motarsa, na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, a kai tol ɗin gidana. Ni zan yi." Ya ce, "Yawwa, ga mai hankali. Wancan tsufa ya ci shi." Da na dawo rumfa, Maigida ya riga ya gane. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce kawai, "Ka ɗauki buroshi in kana so, Sale. Amma kada in ji ka ce a nan ka koya."

Kwana shida na yi a kan allon nan, kuma ku ji ni da kyau, ban taɓa rubutu mai kyau irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Sunan Alhaji na yi shi fari a kan shuɗi, na ba kowane harafi inuwa, ya fito kamar za ka ɗauke shi da hannu. Motar har da madubi. Kullum da hantsi sai wani daga cikin ƴan ƙungiya ya leƙo ya auna sunansa da yatsa, ya auna na maƙwabcinsa. Ma'aji ya ce nasa ya gaza na mataimaki da rabin yatsa, na ƙara. Da na ƙara, mataimaki ya zo. Duk ƙarin da aka yi, daga ƙasa ake ciro shi. Tafin hannu ya fara komawa kamar na jariri, daga baya Alhaji ya ce a cire, wai kamar ana yi masa daƙuwa a ƙarƙashin suna. Kibiya ta zama tsinke. Gargaɗin ya ƙare a layin ƙarshe, yatsa uku, ja a kan shuɗi, don farin fenti ya ƙare a kan sunaye.

Ga inda nake so ku buɗe kunne, musamman kai mai gilashi da ka ce shugaba ne ya ce a yi haka. Na yi taku arba'in. Ba wanda ya sa ni. Na jingine allon a katangar gidana, na juya, na ƙirga, na waiwayo, na rufe ido. Abin da na gani shi ne ALHAJI BALLA da shuɗiyar mota. Na sake yi, ko zan yaudari kaina. Shi na sake gani. Na sani sarai allon bai ce a tsaya ba. Na ce a raina ai kowa ya san ramin, kuma damina ta kusa wucewa. Na naɗe shi da buhu na kai.

Ranar kafawa har da maroƙi. Aka kafa shi taku ɗari kafin korama, ƴan ƙungiya suka jeru kowa yana nuna sunansa, aka yi fatiha, aka raba goro. Wani mai amalanke ya tsaya yana kallo, ya tambaye ni, "Masallaci za a gina a nan?" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Bayan mako uku aka yi ruwa mai ƙarfi da safe, korama ta cika ta rufe radiye. Wajen la'asar sai ga mutum a kan keke yana ihu a tasha, wai mota ta faɗa. Muka ruga. Tun daga nesa na hango ta kwance a kan gefenta na hagu, tayoyin dama a sama, buhunan wake suna bin ruwa. Shuɗiya ce. Motar Alhaji Balla ce da kansa, kuma direban sabo ne, wani Haladu da ya ɗauko daga wajen Tasawa, kwanansa huɗu da fara aiki, bai taɓa bin hanyar ba. An jawo shi an kwantar a gindin wata gawo. Ƙafarsa ta dama, daga gwiwa zuwa ƙasa, ba na son in faɗa muku yadda take.

Alhaji ya iso a kan babur, babbar riga tana tashi. Bai dubi ƙafar ba, waken ya fara duba. Sannan ya tsaya a kan Haladu yana kumfar baki.

"Kai makaho ne? Ba ka ga allo ba? Allo ƙato, mita biyu, ba ka gan shi ba?"

Haladu yana haɗa gumi, ya buɗe ido da ƙyar, ya ce, "Na gani, Alhaji."

"Ka gani! To don ubanka mi ya kai ka?"

"Sunanka na gani, Alhaji, da motarka. Sai na ce ashe maigidana ne ya gyara hanyar nan. Shi ya sa na ƙara wuta."

Wani a baya ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, ya toshe baki da hula. Alhaji ya waiwaya ya dubi allon, yana nan tsaye, ruwa ya wanke shi yana ta ƙyalli. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Kafin kwana uku duk tasha ta sa wa wurin suna Gadar Alhaji Balla. Direbobi suna cewa, "In ka ga sunan Alhaji, taka burki." Sai ga Alhaji a ƙofar gidana, a fusace. "Sale, maza ka je ka goge sunana! Wane irin aiki ne wannan ka yi mini? Allon gargaɗi, ka cika shi da surutu?" Ikon Allah. Ma'aji ma ya aiko a cire nasa, mai ƙusoshi ma haka. Na ɗauki gwangwani na tafi. Na shafe shi duka da ruwan ɗorawa, na jira ya sha iska, na zana tafin hannu, da TSAYA, da kibiya. Abin da na yi kwana shida ina ƙawatawa, gyaransa bai ci mini wuni ɗaya ba. Maigida Nomau ya bar ni na koma rumfa bayan kaka, bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu.

Haladu kuwa an kai shi Maraɗi, aka yanke ƙafar. Alhaji ya sallame shi, ya ce ganganci ya yi. Bai koma garinsu ba, wani ɗan uwansa ya kafa masa tebur a bakin tasha yana sayar da goro da ashana. Wata biyu ina zagaye teburin nan, ina bi ta bayan masu nama don kada mu haɗa ido. Ran nan na ce wannan ba rayuwa ba ce. Na je na tsuguna a gabansa, na gaishe shi, na ce, "Malam Haladu, ni ne Sale. Allon nan na bakin korama, ni na rubuta shi."

Na shirya wa zagi, har ma da sandar da yake dogarawa. Ya dube ni, fuskarsa ta washe.

"Kai ne? Kai, Malam Sale, Allah ya yi wa hannun nan albarka! Ni fa aji uku na yi a lakwal, karatu yana ba ni wuya. Amma rubutunka, ina cikin gudu, gilashi duk laka, na karanta shi tsaf tun daga nesa. Ban taɓa ganin suna ya fito haka ba."

Ya zaɓi farin goro mai kyau ya miƙo mini, ya ce kyauta ce. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce na gode.